Amsa ga Hajiya kan littafin zanen da ɗanta ya zo da shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure. Hajiya, tun da safe na saurari saƙonki, inda kika ce ɗanki da ke aji huɗu na sakandare ya zo gida da wani littafin Turanci mai suna American Born Chinese, kin buɗe kin tarar zane-zane ne kamar kartun, har da biri sanye da takalmi, kina tambaya ko ki ƙyale shi ya karanta ko kuwa ɓata lokaci ne. Na jira na taso daga makaranta ne don in ba ki amsa a natse, domin na karanta littafin nan fiye da sau ɗaya, kuma ra'ayina shi ne ki ƙyale shi, amma ke ma ki karanta.

Marubucin, Gene Luen Yang, haifaffen Kalifoniya ne a Amurka, iyayensa 'yan asalin Sin ne, kuma ya daɗe yana koyar da ilimin kwamfuta a wata sakandare a birnin Okland, saboda haka ya san halin ɗalibai ciki da bai. Littafin ya fito a 2006, a 2007 kuma ya ci kyautar Printz ta littattafan matasa, shi ne littafin zane na farko da ya taɓa cin ta.

Labarai uku ne a ciki, waɗanda sai can gaba mai karatu zai gane ashe igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Na farko shi ne na birin da kika gani, wanda aka ɗauko daga tsohon adabin ƙasar Sin. Sarki ne a cikin birai, ya tafi wata liyafa ta manya, mai gadi ya tare shi a ƙofa ya ce ba zai shiga ba tunda ba shi da takalmi, kuma ko yana da shi, ai biri ne. Da ya koma gida, a daren nan ya fara jin warin gashin birai, warin da bai taɓa lura da shi ba duk tsawon rayuwarsa, daga nan ya kafa doka cewa kowane biri sai ya sa takalmi, har talakawansa suka riƙa zamewa daga kan bishiya. Hajiya, wannan wurin kaɗai ya isa a zauna da yaro a tattauna, domin haka wulaƙanci yake yi wa mutum, sai ya dawo gida yana ƙyamar abin da jiya bai dame shi ba.

Na biyu labarin Jin Wang ne, yaron da iyayensa suka tashi daga unguwar Sinawa ta San Faransisko suka koma inda kusan kowa farar fata ne. Ranar farko malama ta ɓata sunansa a gaban aji, ta ce daga ƙasar Sin ya zo alhali a Amurka aka haife shi, wani yaro kuma ya ɗaga hannu ya ce an gaya masa Sinawa suna cin kare. Duk wannan da ciwo, amma abin da ya fi taɓa ni ya zo ne bayan ya shekara biyu ko fiye a makarantar. Sai ga sabon ɗalibi daga Taiwan, Wei-Chen, ya matso ya yi masa magana da harshensu don neman aboki, shi kuwa Jin ya gwale shi, ya ce masa nan Amurka ce, ya yi Turanci.

Da na zo wannan shafin sai da na ajiye littafin, saboda na taɓa yin haka. Muna aji uku a makarantar kwana, lokacin da ake rubuta sunan duk wadda ta yi banakula, wato ta yi magana da harshen gida, a ci ta tara, aka kawo wata yarinya daga ƙauyenmu da akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli. Ta hango ni a ɗakin cin abinci, fuskarta ta washe, ta kira ni da sunan da ake kirana a gida, da karin harshenmu da na sha wahala kafin na ɓoye shi. Na amsa mata da Turanci, na juya wajen ƙawayena 'yan birni. Ta tsaya riƙe da kwanonta ba ta san inda za ta zauna ba. Daga baya mun shirya, amma har yau idan na tuna tsayuwar nan sai na nemi gafarar Allah.

Labari na uku na Danny ne, ɗan babbar sakandare wanda kowace shekara wani ɗan uwansa daga Sin yake zuwa ya kunyata shi har sai ya sauya makaranta. Da gangan marubucin ya zana ɗan uwan nan da manyan haƙora da gurɓataccen Turanci, irin yadda aka daɗe ana zana Sinawa a Amurka don izgili, ya kuma jera dariya a ƙasan hotunan kamar wasan talabijin. Nan ne ya kamata ki tsaya kusa da ɗanki, don kada ya ɗauka abin dariya ne kawai. Ba zan faɗi yadda labaran suka haɗu ba, kada in ɓata muku.

Game da cewa zane ne, kada wannan ya dame ki. Akwai wurin da Jin ya je ya nannaɗe gashinsa don ya yi kama da wani yaro farar fata, kuma ganin kan nasa a hoto ya fi shafi guda na bayani isar da saƙo. Na ga ɗalibai masu gudun karatu sun gama shi a zama biyu.

Abin da zan ja hankalinki a kai, akwai gumakan tatsuniyar Sinawa a ciki, akwai kuma alamun addinin marubucin, wanda Kirista ne ɗan Katolika, sannan akwai soyayyar 'yan makaranta da sumba a wuri ɗaya. A ganina ya dace da ɗan shekara 14 zuwa sama, idan akwai babba da zai yi masa bayani. Tunda kin ce bara kuka sauya masa makaranta, idan ya gama kada ki tambaye shi ko ana tsokanarsa, domin zai ce a'a. Ki tambaye shi wane ne a cikin yaran littafin ya fi ba shi tausayi, sannan ki yi shiru ki saurara. Wassalamu alaikum.