Wai da gaske babban kifi ya fi ƙarami guba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu a garinmu akwai masu wankin zinare da zaiba a bakin kogi, can sama da mu kaɗan. Ruwan dai garau yake ba wari ba kala, kuma maigidana yakan sayo giwan ruwa in an samu. To wani ƙanena ɗan makaranta ya ce wai gara ƙananan karfasa da babban kifi, ni kuma ina da juna biyu wata biyar. Gaskiya ne ko tsoratarwa ce? In na soya shi sosai ba shikenan ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Ƙanen naki ya yi gaskiya fa, kuma hasken ruwan nan kar ya ruɗe ki.

Kin san asusu ai, kullum ana jefa 'yan canji ba a cirewa. To haka zaiba take yi a jikin abu mai rai. In ta zube a kogi sai ta kwanta cikin laka, ƙwayoyin bakteriya da ke wurin su juya ta zuwa wani nau'i da masana ke kira metilmakuri, shi ne mugun, don kama tsoka yake yi ya ƙi fita da wuri. Gansakuka da 'yan mitsi-mitsin halittun ruwa su ɗauki kaɗan, ƙaramin kifi ya yi ta cinsu kullum ya haɗa nasu da nashi, sai giwan ruwa ta zo ta yi shekaru tana haɗiye ƙananan kifaye, duk wanda ta ci har da asusunsa take haɗiyewa. Shi ya sa za a auna ruwa a ga kusan ba komai, a auna naman kifin a tarar ya ninka na ruwan sau dubbai. Mu da muke cin kifin mu ne a ƙarshen layi.

Abin ya taɓa faruwa a Minamata, wani garin masunta a Japan. Wani kamfanin sinadarai mai suna Chisso ya yi ta zubar da dattin masana'anta mai ɗauke da zaiba a teku tun 1932, aka fara ganin kyanwoyi suna tangaɗi kamar masu rawa suna faɗawa ruwa, tsuntsaye na faɗowa daga sama, sai a 1956 likitoci suka ba da rahoton cutar a jikin mutane, amma gwamnati ba ta amsa cewa daga masana'antar ba ne sai 1968, shekara 12 kenan ana ta ci. Sama da mutum 2,000 aka tabbatar sun kamu. Abin da ya fi taɓa ni a labarin, kuma shi ya shafe ki, akwai iyaye mata da ba su nuna wata alama sosai ba amma suka haifi yara da lalurar ƙwaƙwalwa, saboda gubar tana ratsa mahaifa. Yarjejeniyar duniya kan zaiba ta 2013 ma sunan garin aka sa mata.

Maganar suya kuma, a'a wallahi. Suya, dahuwa, banda, ba wanda yake fitar da ita. Da irin maganin ƙwari ne kamar DDT da ke taruwa a kitse, cire fata da kitsen zai ɗan rage, amma zaiba a cikin tsokar take, inda ya fi daɗin nan.

Ban ce ki daina cin kifi ba fa, jaririn ma yana buƙatarsa. Ki dai bar giwan ruwa da manyan tarwada na wannan kogin har ki haihu ki yaye, ki koma kan ƙananan karfasa ko kifin da ya zo daga wani ruwan daban. Jiki yana rage rabin abin da ya tara cikin kamar wata biyu in an daina ƙara masa, don haka ba ki makara ba. Sannan kar ki yarda a ƙona zaiba don fitar da zinare a cikin gidanku, tururin nan kai tsaye huhu yake zuwa. In kin je awo ki faɗa wa ma'aikatan asibiti maganar kogin, musamman idan wani a gidan yana jin hannu ko ƙafa ko leɓe na mutuwa, ko gani ya fara ragewa ta gefe-gefe.