Tambaya da Amsa: Hannuna na rawa in na riƙe rimot

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare a Birnin Kebbi, ni ke tuƙa mutum-mutumin ƙungiyarmu, wato na'urar robot da ake sarrafawa da rimot. A makaranta ba na kuskure, amma ranar gasa da na ji ihun jama'a sai hannuna ya hau rawa, har na gwara mutum-mutumin da bango sau biyu. In bar wa wani tuƙin ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki bar wa kowa. Rawar hannun nan ba ragwanci ba ne. In hankali ya tashi jiki kan saki sinadarin adirinalin, zuciya ta dinga dukan uku-uku, yatsu su daina jin magana. Tuƙin nan kuwa kusan duk aikin babban yatsa ne.

Ni wurin atisayenku nake zargi. Na san cikin shiru kuke yi, ba agogo, ba mai tsaya miki a ka. A gasar mutum-mutumi ta FIRST Tech Challenge wasa minti 2 da rabi ne: daƙiƙa 30 na farko na'urar ke tafiyar da kanta, minti 2 kacal ne naki. A gasar VEX ma minti 1 da daƙiƙa 45 ake ba direba. Fili ƙafa 12 kowane gefe, na'urori huɗu na turereniya a ciki. To ki tara 'yan ajinku su yi ta buga tebur suna kiran sunanki, a kunna agogo, ki tuƙa a haka kullum har kunnenki ya saba. Kin dai ga masuntan Argungu a bakin Matan Fada: ganguna na tashi, taro ya cika maƙil, amma gwani homarsa da gorarsa kawai yake kallo.

Wani yaro da na taɓa horarwa ya koya mini wani abu. Yana cikin cin maki a gasa sai na'urar ta juyo tana fuskantarsa, dama ta koma hagu. Ya tura sandar rimot, ta yi wani wajen. Ya ƙara turawa da ƙarfi, mu uku muna masa ihu, kowa da abin da yake faɗi. Laifinmu ne. Da muka dawo gida muka manna jan salatif a goshin na'urar don ya riƙa gane gabanta daga nesa, muka kuma yanke cewa koci kaɗai ke magana, shi ma kalma ɗaya ko biyu: "hagu kaɗan", "saki", "saura goma".

Ki roƙi mai rubuta muku manhaja ya ware maɓalli guda da zai rage gudu zuwa rabi, don lokacin ɗora kaya. Kafin a fara wasa ki yi bisimilla, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, sau uku. In kuma kin gwara bango, ɗage yatsun gaba ɗaya na daƙiƙa ɗaya, ki nemo jan salatif ɗin tukuna.