Tambaya da Amsa: Wane irin gari ne Astarakan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke kusa da Haɗeja a Jihar Jigawa. Ɗana ya samu gurbin karatun likita a wani birnin ƙasar Rasha mai suna Astarakan, mahaifiyarsa kuma hankalinta ya tashi saboda an ce mata babu Musulmi a can, sai ƙanƙara. Don Allah a ba mu labarin garin.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ka kuma kwantar wa mahaifiyarsa da hankali, domin garin yana da tsohuwar alaƙa da Musulunci.

Astarakan tana kudancin Rasha, a bakin Kogin Bolga, wanda ya fi kowane kogi tsawo a nahiyar Turai da kimanin kilomita 3,530. Kafin kogin ya zuba a Tekun Kasfiyan, mai tazarar kusan kilomita 100 daga birnin, yakan rarrabu zuwa ɗaruruwan rassa da tafkuna, don haka mutumin da ya san fadamar Haɗeja da Nguru ba zai ga baƙon abu ba: masunta, kwale-kwale, busasshen kifi a rataye a kasuwa, da gonakin kankana da tumatir na ban-ruwa. Kankanar yankin ta yi suna a duk faɗin Rasha. Da zarar an bar bakin ruwa kuwa sai busasshiyar ƙasa, domin ruwan saman da suke samu a shekara bai kai rabin namu ba.

Tarihin ne ya fi jan hankalina. Asalin sunan garin Hajji Tarkan, kuma Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan da daga baya ya zo daular Mali, ya ziyarce shi wajen 1334. Ya rubuta cewa wani alhaji ne ya fara zama a wurin, sarki ya yafe masa haraji, garin ya ɗauki sunansa. Ya kuma ce idan hunturu ya yi tsanani kogin kan daskare, a shimfiɗa ciyawa a kansa ayari ya wuce. Timur, wani sarki mayaƙi daga tsakiyar Asiya, ya ƙone garin a 1395, daga baya ya farfaɗo ya zama hedkwatar masarautar Musulmin ƙabilar Tatar, har zuwa 1556 lokacin da Sarkin Rasha Iban na Huɗu ya ci ta da yaƙi. A 1558 Rashawa suka kafa sabon birni a ɗaya gaɓar kogin, kuma ganuwar da suka gina daga baya tana nan tsaye. Turkawan Usmaniyya sun yi yunƙurin ƙwace shi a 1569, ba su yi nasara ba.

A yau mazauna birnin sun kusa rabin miliyan. Mafi yawansu Rashawa ne Kiristoci, amma ƙabilun Kazak da Tatar da ke yankin galibinsu Musulmi ne, kuma akwai masallatai, ciki har da Farin Masallaci da aka gina a 1810. Jami'ar likitancin ma tsohuwa ce, tun 1918 aka kafa ta.

Maganar sanyi kam gaskiya ce. Zafin Yuli kan haura digiri 30, wani lokaci ma ya kai 40, kamar bazararmu, amma daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa daskarewa yake yi, sanyin da hunturunmu bai kama ƙafarsa ba. A ware masa kuɗin rigar sanyi mai kauri da takalmi, ya saya a can kafin watan Nuwamba ya shigo.