Akwatin rage kuɗin wuta: yana aiki ko asarar kuɗi ce?

Tambaya: Malam, tun da aka mayar da unguwarmu rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, yunit ɗina ba ya kai ƙarshen wata. Na ga tallar wani ɗan akwati a Facebook, wai ana soka shi a soket ya rage kuɗin wuta da rabi. Wani ma ya gwada a gabana da na'urar awo, na ga amfiya ta sauka. In saya? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Na san inda ke maka ciwo, domin tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, tambayar nan ta yawaita. Abin da ka gani a na'urar awo gaskiya ne, amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya, ta sauka. Sai dai mitar gidanka ba amfiya take ƙirgawa ba.

Duk kayan da ke da mota a ciki, wato injin lantarki mai juyawa, irin su firji, fanka, na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa, suna jan wuta iri biyu. Akwai wadda ke yin aikin, ita ce ake aunawa da wat. Akwai kuma wadda ke shiga naɗin waya ta kafa maganaɗisu, sannan ta koma inda ta fito, haka take kai da kawo ba tare da ta ƙone ba. Kamar ɗan ga-ruwa ne ya turo kura da jarka 10, ya juye maka 6 ya koma da 4. Kuɗin 6 za ka biya, ko da yake shi ya sha nauyin 10. Wannan rabo na 6 cikin 10 shi injiniyoyi ke kira fawa-fakta, kuma mafi kyawunsa shi ne 1.

Ɗauki firjin da ke jan amfiya 1 a kan bolt 230, fawa-faktarsa 0.6. Ainihin abin da yake ci wat 138 ne. Abin da ke cikin akwatin nan galibi kafasita ce guda, wato 'yar na'ura mai ajiye wuta na ɗan lokaci, da ɗan kwan fitila mai walƙiya don ya burge mai saye. Idan kafasitar ta ɗaga fawa-fakta zuwa 0.95, amfiya za ta sauko zuwa kusan 0.63. Amma wat ɗin fa? Yana nan 138, bai motsa ba. Mitar gida kuwa kilowat sau awannin da aka yi ana cin wutar take lissafawa, shi ne yunit ɗin da kake saye. Cibiyar awo ta Amurka, NIST, ta yi bayani a kan irin waɗannan na'urori tun 2009, ta nuna ba sa rage wa gidaje kuɗin wuta.

Akwai ma wata matsalar. Kafasitar girmanta ɗaya ne, ba ta san ko firjin ya tsaya ba. Da zarar ya tsaya, ita ce za ta koma tana jan amfiyar banza.

In kana son yunit ya daɗe, nemi masu cin wat: hita, dutsen guga, tukunyar lantarki, tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki. Kwan fitila mai wat 100 guda ɗaya, in ka musanya shi da LED mai wat 12 kuma yana ci awa 6 a rana, ka tsira da kusan yunit 16 a wata. Duba robar ƙofar firjinka ma, in ta saki to injin ba zai huta ba.

Tambaya: Na sayi UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, an rubuta 650 a jikinta. Kwamfutata da allonta ba su wuce wat 450 ba, amma da an ɗauke wuta sai ta yi ƙara ta mutu. An yi mini algus ne? Daga wata mai shagon buga takardu a Zariya.

Amsa: Hajiya, ba lallai algus ba ne. Sake duba rubutun, za ki ga 650VA ne, wato bolt sau amfiya, ba wat 650 ba. Nan ne fawa-fakta ke da muhimmanci a gida, domin a nan ke ce ɗan ga-ruwan: duk nauyin a kan na'urarki yake. Ƙananan UPS masu 650VA yawanci wat 360 zuwa 390 kawai suke iya ɗauka. Kin ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Nemi mai 1000VA ko sama, kuma ki karanta adadin wat da ke kan kwali kafin ki biya. In firintarki mai leza ce, kada ki haɗa ta da UPS ko kusa, tana fizgar wuta mai yawa lokacin da take ɗumama.

Haka lissafin yake ga inbata da janareta. Inbata mai 1.5kVA, wato 1,500VA, da aka ƙera a kan fawa-fakta 0.8, wat 1,200 ne iyakarta.

Kada kuma wani ya ce ki sa akwatin da muka yi magana a sama don ya taimaka. Matsalar kwamfuta da cajar waya daban take da ta mota. Su suna jan wuta ne a fizge, ɗan lokaci kaɗan a ƙololuwar kowane zagaye, kuma kafasita daga waje ba ta gyara wannan. Gyaran a cikin akwatin wutar kwamfutar ake yin sa tun daga masana'anta. In za ki canza shi, nemi mai tambarin 80 Plus, domin sharaɗin tambarin ya haɗa da fawa-fakta ta kai 0.9. Sai dai ki lura, irin waɗannan sun fi jituwa da UPS mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA, wasunsu kan mutu a kan masu araha. Soka kafasita a ƙaramin janareta kuwa na iya rikita masa bolt ya yi ta hawa da sauka.

Tambaya: To su wa gyaran ke amfana? Ina da injinan casar shinkafa. Daga mai karatu a Kura.

Amsa: Alhaji, kai ne mai amfana. Manyan motocin lantarki masu layi uku da ke aiki yini guda suna cika taransifoma da janareta da amfiyar da ba ta aiki, wayoyi su yi zafi, bolt ya faɗi. Rukunin kafasitoci mai sarrafa kansa, wanda ke ƙarawa da ragewa gwargwadon injinan da ke kunne, zai sauƙaƙa wa taransifomarka har ka iya ƙara inji ba tare da ka sayi babba ba. Duba takardar kuɗin wutarka, in akwai cajin kVA a ciki to ribar za ta fito a kuɗi kai tsaye. A sa injiniya ya auna kafin a sayi komai, kuma a gargaɗi yaran shago: kafasita tana riƙe wuta ko bayan an kashe layi.