Sayen gidan abinci: tayin maigida ko kuɗin kawu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina aiki a wani gidan abinci a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Maigidana zai tashi, ya ce zai sayar mini da wurin: tukwane, firiza, janareta, tebura da kujeru. Kuɗi hannu naira miliyan 3, biyan kaɗan-kaɗan cikin shekara kuwa miliyan 3 da dubu 600. Kawuna kuma ya ce zai ba ni miliyan 3 ɗin, in riƙa ba shi dubu 100 duk wata, uwar kuɗinsa tana nan daram. Wanne ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana, da ka tambaya tun ba ka sa hannu ba.

Tayin maigidanka halal ne. Jumhurun malamai sun halatta farashin ajali ya ɗara na kuɗi hannu, muddin kun tsaya a kan farashi ɗaya da lokacin biya sananne kafin ku rabu, kuma ba za a ƙara maka ko kwabo ba in ka yi jinkiri. Ku rubuta, ku kafa shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. In shagon haya ne, kada ka biya komai sai mai ginin ya san da maganar.

Na kawunka, a yadda ka faɗe shi, bai halatta ba. Kuɗin da aka lamunce dawowarsa cif bashi ne, ko da an kira shi jari, ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi kuwa riba ce, wato kuɗin ruwa da aka haramta. In an ce ƙiradi ne, wato dukiyar wani da gumin wani, to ƙiradi ba ya inganta da adadi tsayayye. Ibnul Munzir, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu na da, ya hakaito ijma'i, wato haɗuwar malamai, a kan haka. Abin da ake yankawa kaso ne daga abin da aka ci, rabi ko sulusi. In an yi asara ba da sakacinka ba, shi ya rasa dukiya, kai ka rasa wahalarka.

Dubi hikimar. A watan azumi ciniki na rana yana mutuwa. Wata rana firiza ta tsaya, naman kwana biyu ya lalace, ko buhun shinkafa ya tashi, ka kasa ƙara kuɗin faranti don kada masu saye su gudu. A irin wannan wata daga ina dubu 100 za ta fito? Daga uwar kuɗin za ka ciro, ka wayi gari ana binka bashin abin da ba ka ci ba. Wannan yana damuna ƙwarai, don rigimar kuɗi tsakanin ɗa da kawu takan kai har ga yanke zumunci.

Ka je masa da ladabi, ka sa mahaifiyarka a maganar. Ko ya ranta maka don Allah, ko ya sayi wurin ya zama nasa, sannan ya sayar maka a kan ajali, ko ku yi tarayya ku raba abin da aka samu. In tarayya kuka zaɓa, riƙe littafi: cefanen safe, gawayi, albashin masu girki da wanke-wanke, har kwanon da kake aikawa gida, don wannan ma sai da yardarsa.

Wallahu a'alam.