Amsar tambayar da aka yi kan ɗaliban Indiya da izinin karatu a Kanada

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji saƙonka tun jiya, aiki ne ya riƙe ni. Ka ce ana ta yaɗa labarin Kanada na hana 'yan Indiya izinin karatu, kana tambaya me ya jawo, kuma ko hakan ya buɗe wa yaranmu ƙofa. To bari in amsa maka a nan kowa ya ji, tunda a birnin Brampton na nan Kanada nake zaune, kuma yawancin maƙwabtana 'yan Punjab ne ta Indiya.

Ka ga, a ƙarshen 2023 ɗaliban waje a ƙasar nan sun haura miliyan ɗaya, kusan huɗu cikin goma kuma 'yan Indiya ne. Da yawansu kwaleji suke zuwa, difloma ta shekara biyu. Lissafin iyaye shi ne yaro ya gama, ya samu izinin aiki, daga nan ya nemi takardar zama ta dindindin. A kan wannan lissafin mutum zai jinginar da gonar da ya gada, ko ya ci bashin banki. Daga 2018 zuwa 2024 kuma an yi wata hanyar gaggawa ta neman izinin karatu da ake kira SDS: ka biya kuɗin makaranta na shekarar farko, ka ajiye dalar Kanada 10,000 a banki a nan, ka kawo sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS, cikin kwana ashirin ko makamancin haka a ba ka amsa. Sai ejan-ejan masu nema wa ɗalibai gurbin karatu suka cika garuruwa irin su Jalandhar ta Punjab, kowane titi da allonsu.

Abin da ya fi taɓa ni wallahi shi ne na 2023. Yara ne suka shigo shekarun baya da takardar gurbin karatu da ejan ya ba su. Suna sauka sai ya kira ya ce gurbin ya cika, su koma wata kwalejin. Suka koma, suka yi karatu, suka gama, suka kama aiki. Sai da suka zo neman takardar zama aka buɗe fayil, aka ga ashe takardar farko jabu ce. Jaridu sun ce kimanin 700 ne ke fuskantar kora. Suka yi zaman dirshan dare da rana a bakin ofishin jami'an kan iyaka da ke Mississauga, nan kusa da mu. Yara ne sa'annin 'ya'yanmu fa. Daga baya kotu a Vancouver ta ɗaure ejan ɗin shekara uku a 2024, amma shekarun da yaran suka yi cikin fargaba wa zai biya su?

Daga nan komai ya tsananta. Tun 1 ga Disamba 2023, dole makaranta ta tabbatar wa ma'aikatar shige da fice cewa ita ta bayar da takardar. Janairun 2024 kuɗin guzurin da dole ɗalibi ya nuna yana da shi ya tashi daga 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, a Satumban 2025 kuma ya koma 22,895. A Janairun 2024 ɗin dai ministan shige da fice na lokacin, Marc Miller, ya ƙayyade yawan izinin da za a bayar, aka kuma kawo takardar shaida daga lardi, wadda ake ce wa PAL. Kwalejojin 'yan kasuwa masu koyar da manhajar kwalejin gwamnati, wanda ya fara karatu a cikinsu daga 15 ga Mayun 2024 babu izinin aiki in ya gama. Can kuma ejan suka riƙa tura yaran Indiya da yawa. Ga rikicin ƙasashen biyu kan kisan wani jagoran mabiya addinin Sikh, Hardeep Singh Nijjar, a Surrey ta nan Kanada, wanda ya sa Kanada ta janye jami'an diflomasiyya 41 daga Indiya a Oktoban 2023, aikin duba takardu ya yi nauyi.

Yauwa, tambayarka ta biyu. A'a ƙanena, babu ƙofar da ta buɗe mana. Ranar 8 ga Nuwamba 2024 da aka rufe SDS, a ranar aka rufe tamu hanyar gaggawar ta 'yan Najeriya. Doka ɗaya ce ta hau kowa, su dai sun fi jin jiki ne don sun fi yawa.

Saboda haka duk wanda ke shirin turo yaro, don Allah ya saurare ni. Takardar gurbin karatu, yaron ya rubuta wa makarantar da kansa ta adireshinta na intanet, ya ji daga bakinsu. In aka kama takardar bogi a fayil ɗinsa, haramcin shekara biyar ne a kansa, ko da ejan ne ya saka bai sani ba. Kuɗin asusu kuma ya zama mai tarihi, ana ganin inda ya fito. Wanda aka aro daga kawu aka zuba makon jiya, jami'an shige da fice suna ganewa. Sannan in kwaleji ce, a bincika ko kwas ɗin na cikin waɗanda ake ba izinin aiki bayan kammalawa, don tun Nuwamban 2024 ba kowane kwas ba ne. Kada kuma wani ya ce muku yaro zai riƙa biyan makaranta da aikin da zai yi a nan. Awa 24 a mako doka ta yarda ya yi aiki a wajen makaranta lokacin karatu, kuma a Brampton kuɗin haya kaɗai ya isa ya cinye shi. Na shiga ɗakin ƙarƙashin gida na tarar da yara shida suna kwana kan katifu a ƙasa, ga sanyi.

Kai kuma ka turo min takardar da aka ba ɗan Yaya ta lambata, kada ka saka a guruf. Zan duba ko makarantar na cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince da su, in sha Allah gobe bayan la'asar na nan in kira ka. A gaishe min da Hajiya.