Amsa kan daɗin kiɗan synth-pop na farko

Ɗan'uwa ka tambaya wai me ya sa kiɗan synth-pop, wato kiɗan pop da ake yi da injinan sauti na lantarki masu maɓallai irin na fiyano, na farkon shekarun 1980 yake shiga rai alhali sautinsa kamar na kayan wasan yara. To ni dai na daɗe ina danna fiyano a situdiyo, kuma a nawa ganin gazawar injinan ita ce ta kawo daɗin.

Ka ga injinan irin su Minimoog sauti ɗaya suke fitarwa a lokaci guda, ko maɓalli uku ka danna ɗaya ne zai yi kuka, dole mutum ya nemo ɗan gajeren kari da yatsa ɗaya zai iya bi, shi ya sa in ka ji waƙar Cars ta Gary Numan ta 1979 ko Enola Gay ta ƙungiyar OMD ta 1980 sau ɗaya sai ka wuni tana maka yawo a ka. Shi Numan ma ai da gita ya shiga situdiyo, ya tarar da Minimoog a ajiye ya ɗan taɓa, shikenan ya sauya layi.

Wani abokina ya taɓa ara min tsohon inji irin na zamanin, wallahi sai ya ɗau zafi kafin sautinsa ya zauna, kana cikin aiki kuma ya ɗan zame kai ta murɗe-murɗe. Da farko haushi yake bani, sai daga baya na gane wannan 'yar rawar da muryarsa ke yi ita ce ransa. Yamaha DX7 da ta fito a 1983 ba ta zamewa, tas take kamar gilashi, ni a kunnena daga nan ɗanɗanon ya fara canzawa, nasan wasu za su musa.

Sai kuma murya. Mawaƙan Kraftwerk na Jamus su suka share hanya tun faifansu Autobahn a 1974, amma su so suke su zama inji. Samarin Ingila kuwa damuwarsu suka ɗora a kai. Je ka saurari ƙungiyar Yazoo a waƙoƙinsu na 1982, Vince Clarke bayan ya bar ƙungiyar Depeche Mode yana buga abu mai sanyi ƙalau, gangar inji na tafiya ba gajiya, Alison Moyet kuma tana rerawa kamar zuciyarta za ta fito.

Amma don Allah sa abin kunne, sifikar waya cinye kaurin sautin take yi.